Jimirin Almajiri

Abin karantawa: Ibraniyawa 10:23-39.

Mutanen da aka rubuta wa wannan wasiƙa ba sababbin tuba ba ne. Tun da fari sun sha wuya: aka yi musu ba'a a bainar jama'a, aka ƙwace dukiyarsu, aka jefa waɗansu a kurkuku, sauran kuwa ba su ji kunyar zuwa gaishe su ba. Amma da shekaru suka wuce, sai waɗansu suka fara fashin zuwa taro (aya 25). Abin da tsanani ya kasa yi, gajiya tana neman ta yi.

A aya 36 akwai kalmar Helenanci, hupomone, wadda tushenta shi ne zama a ƙarƙashin kaya. Mu masu juyi mukan daɗe a kanta. "Haƙuri" ya yi kusa, sai dai a bakinmu sau da yawa shi ne abin da a kan ce wa wanda aka yi wa rasuwa, ya zauna ya dangana. Manzo ba zama ya ke nufi ba. Ku tuna da 'yan ƙwadagon kuza na dā a Bukuru: kwanon ƙasa a ka, a hau daga rami, a juye, a koma, tun safe har la'asar, kuzar da a ke samu a ciki kuwa kaɗan ce. Jimiri ke nan.

A Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent ya mutu a Bida. Rowland Bingham ya koma gida, ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Pategi. Labarin nan sananne ne, ya kuwa cancanci a faɗe shi. Amma a ganinmu Likita Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, ya fi kusa da darasinmu. Ya bar shagunansa na magani a Toronto, ya zo a 1902, ya sa hannu cikin juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya dinga fita wa'azi a kasuwa har tsufansa, ya rasu a Jos a 1948. Shekara 46 yana maimaita aiki ɗaya. Yawancinmu irin wannan gwaji ne rabonmu.

'Yan'uwa, garinmu ma ya ga tasa wutar. A Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010, aka zub da jini a Jos, Kirista da Musulmi suka binne nasu, unguwanni suka rabu bisa ga addini. Masu bi da yawa sun tsaya da ƙarfi a kwanakin nan, mun gode wa Allah. Amma mutum yana iya zuwa sujada kowace Lahadi, alhali ya daɗe da sauke rabin kayansa a hanya. Wanda ya daina gai da maƙwabcinsa Musulmi, wanda ya ke koya wa 'ya'yansa ƙiyayya a bakin murhu, ya ja da baya, ko da sunansa yana cikin littafin ikilisiya. A duba Romawa 12:17-21: ramuwa ba ta cikin kayan da Ubangiji ya ɗora mana.

A lura kuma, aya 24 ba ta bar kowa ya ɗauki kayansa shi kaɗai ba. An umarce mu mu riƙa zuga juna ga ƙauna da aikin kirki. Saboda haka kafin a tashi, bari shugaban aji ya tambaya: su wane ne a cikinmu ba mu gani ba wata guda ke nan? A faɗi sunayensu, a yi addu'a dominsu, a kuma zaɓi mutum biyu da za su tafi gidan kowannensu kafin Lahadi mai zuwa.