Aikin sa kai zai shiga lissafin fanshona?

Tambaya: Malam, ni sojan ko-ta-kwana ne a rundunar sojin saman Amurka, kuma ina aikin sa kai a Civil Air Patrol. Shin wannan zai ƙara mini makin ritaya?

Amsa: Ɗan'uwa, zama memba kawai ba ya kawo maki ko ɗaya. Civil Air Patrol ƙungiyar farar hula ce, duk da cewa tun 1948 doka ta sa ta zama mataimakiyar rundunar. Ko ka kwana kana neman jirgin da ya ɓata, ladanka na wurin Allah, amma ba ya hawa takardar fansho.

Ga yadda lissafin yake. Kana bukatar maki 50 kafin a ƙirga maka shekara, kuma shekaru 20 irin wannan kafin fansho, wanda galibi sai ka kai shekara 60 da haihuwa zai fara fitowa. Maki 15 suna zuwa ne don kana cikin rundunar, atisayen ƙarshen mako kuma yakan ba da huɗu.

Akwai ƙofa ɗaya da nake so ka ƙwanƙwasa. Rundunar tana da shirin da take tura sojojinta na ko-ta-kwana su taimaka wa ƙungiyar, maki ba albashi. A can aikin na soja ne, da umarni a rubuce. Je ofishin ma'aikata na sashenka ka nemi a sa ka cikin shirin tun kafin ka fara ƙirga maki a kan wannan aiki, sannan ka riƙa duba takardar makinka kowace shekara.