Darasi na 7: Kula da Famfo da Kwata a Gida

Iyayena da yayyena mata, bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Kan famfonmu ya fara ɗiga, muka ɗaure shi da tsohuwar robar tayar keke, muka ce sai an samu kuɗi. Wata da watanni ruwan yana jiƙa gindin katangar ƙasa. Da damina ta sauka, katangar ta zube. Gyaran 'yar roba ya koma kuɗin magini.

Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kai kusan lita 20 a kwana guda, wato kusan jarka. Ku tuna nawa mai garuwa yake sayar muku da jarka. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da kowace mace za ta iya yi da hannunta

1. Ki san inda makullin ruwan gidanki yake, na gindin tanki ko na babban bututu. Kafin ki taɓa komai, ki rufe shi.
2. In famfo na ɗiga ta baki, yawanci 'yar robar ciki ce ta cinye. Ki kwance kan da sifana, ki kai tsohuwar kasuwa a ba ki irinta.
3. In ta mahaɗa yake yoyo, ki kwance, ki naɗa farin salatif ɗin famfo a kan zaren, ki mayar.
4. Ki hana yara murɗe famfo da ƙarfi ko lilo da shi.
5. Bututun roba ba ya son rana, tana busar da shi ya tsage. A binne shi ko a rufe.
6. Kada a zuba mai, ragowar tuwo, leda ko tsumma a kwata ko masai. Kwatar da ta toshe gidan sauro ce.
7. Tanki ya zauna a rufe, a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara.

Amma in bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ko ruwan sha ya fara wari, ku daina sha, ku kira mai gyaran famfo. Ƙazanta na shiga ta wurin fashewar, ta nan amai da gudawa ke samun hanya.

Ina ba da shawara ƙungiya ta ware ɗan abu a kowane zama don gyara, ta sayi sifana ɗaya da salatif, a ajiye wajen ma'aji, mai buƙata ta ara.

Aikin gida: yau da dare kowacce ta ajiye bokiti a ƙarƙashin famfonta. A zama mai zuwa ta faɗa mana ruwan da ta tarar da safe, mu lissafa kuɗinsa tare.