WhatsApp ba ma'ajiyar bincike ba ce

Sana'ata buga kundin bincike da gyaran kwamfuta a Dutsin-Ma. Abin da ya sa na yi wannan rubutu wani malamin firamare ne ɗan Barkiya, mai karatun digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Bincikensa a kan tsofaffin sana'o'in ƙasar Kurfi ne. Bawan Allah ya bi dattawa gida-gida, ya naɗi muryoyinsu, ya rubuta bayanansu, ya jera littattafan da ya duba. Duk a ina ya zuba? A manhajar rubutun da ta zo da wayar, sai wani guruf na WhatsApp da ya buɗe shi kaɗai yana tura wa kansa. Ajiyar WhatsApp ɗin ma ya kashe ta, wai tana cinye masa data.

Da wayar ta fara ɗaukewa, sai ya kai wa wani yaro mai gyara. Yaron ko tambaya bai yi ba, ya yi mata filashin, komai na ciki ya goge, ya karɓi kuɗinsa.

Ya shigo shagona jikinsa a sanyaye. "Malam, don Allah ka dawo mini da su, ko nawa ne zan biya."

Na ce, "Malam, ina imel ɗinka?"

"Ai a kafe aka buɗe mini, lokacin cike fom."

Kalmar sirri? Bai taɓa sani ba. Layin da aka ɗaura imel ɗin a kai? Na yaron kafe ne, wanda tuni ya bar garin. Biyu daga cikin dattawan da ya yi hira da su sun rasu, Allah ya jiƙansu. Wa zai sake tambaya?

Masu gyara, ku ji tsoron Allah. Duk wanda zai yi filashin bai tambayi mai waya abin da ke ciki ba, ba gwani ba ne, ɗan koyo ne. Amma ku ma masu bincike da laifinku. Imel ɗin da wani ya riƙe kalmar sirrinsa kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Kullum ana tambayata wace manhaja ta fi kyau. Ba kyau ake dubawa ba. Ka fara da tambayar ko tana buɗewa babu sabis. Mutanen Kurfi da Dutsin-Ma ba sa buƙatar dogon bayani a nan: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu, aka yi watanni a haka. Obsidian da Joplin suna ajiye rubutunka a kan na'urarka, kuma za ka iya kwashe shi ka koma wata manhajar. Google Keep ta isa ga gajeren rubutu, muddin imel ɗin naka ne. Jerin littattafai kuwa aikin Zotero ne.

Kada kalmar kyauta ta ruɗe ka. A ƙarshen 2023 Evernote ta taƙaita masu amfani da ita kyauta a kan rubutu 50 kacal. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kuwa, Gmail da Drive da hotuna duk a ciki suke ci, ya cika ba ka sani ba. Ka guji manhajojin da aka fasa.

Muryoyin hira kada su kwana a wuri ɗaya: waya, filas, da Drive. Na sake faɗa, imel ya zama naka, a kan layinka. Kafin ka miƙa waya ga mai gyara, ka kwashe komai. Yau ɗin nan ka gwada shiga imel ɗinka a wata wayar. In ka kasa, ka gyara shi kafin ka ƙara rubuta ko layi ɗaya.