Amsoshin Tambayoyinku: Da Gaske Ne Eriksen Da Batir Yake Buga Ƙwallo?

Wani matashi daga Tasawa, a jihar Maraɗi, ya aiko mana da sallama da tambaya. Ya ce gardama ce ta kaure a fadarsu tsakaninsa da wani abokinsa ɗan Mayahi a kan Christian Eriksen, ɗan wasan tsakiyar Danmak. Abokin ya dage cewa Eriksen mutuwa ya yi a fili aka tashe shi, kuma yanzu batir ne ke harba masa zuciya. Shi kuwa yana ganin in da haka ne, ba wanda zai bar shi ya yi gudun minti 90. Yana kuma so ya ji dalilin da ya sa Italiya ta sallame shi amma Ingila ta karɓe shi, da kuma ko dama can gwani ne, ko faɗuwar ce ta yi masa suna.

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, kuma kowannenku yana da rabonsa na gaskiya a cikinta. Bari mu fara da ta ƙarshe, don sai ka san mutumin kafin ka san abin da ya same shi.

An haifi Eriksen ranar 14 ga Fabrairu, 1992, a wani ƙaramin gari da ake kira Middelfart. Ya yi wasan ƙuruciya a kulob ɗin garinsu, ya wuce Odense, yana ɗan shekara 16 kuma Ajax ta ƙasar Holan ta ɗauke shi. Ajax gida ne da ya yi fice wajen rainon yara. A 2010 ya fara buga wa babbar ƙungiyar, a shekarar kuma ya fara sa rigar ƙasarsa, har aka tafi da shi gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, inda ya kasance mafi ƙarancin shekaru a cikin dukan 'yan wasan gasar. Ya ci kofin lig na Holan sau uku a jere, daga 2011 zuwa 2013, sannan Tottenham ta Ingila ta saye shi.

A Tottenham ne duniya ta san shi sosai. Ya buga mata wasa 305, ya ci ƙwallo 69, amma ba a ƙwallayen da ya ci ake auna irinsa ba. Aikin ɗan wasan tsakiya irin Eriksen shi ne ya karɓi ƙwallo daga baya ya sadar da ita ga masu zurawa a raga. In ka sake samun tsohon wasansa a gidan kallo, ka ɗauke ido daga ƙwallon na ɗan lokaci ka bi shi da kallo. Za ka ga tun ƙwallo ba ta iso ba ya waiga hagu, ya waiga dama, ya riga ya san inda kowa yake tsaye. Tana zuwa sai taɓawa ɗaya, ta biyu ta tafi gaban Harry Kane ko Son. Ƙafarsa ta hagu ba ta jin kunyar ta dama, ga iya bugun tazara da na kusurwa. Kakar wasa huɗu a jere yana ba da ƙwallo 10 ko fiye ana ci a gasar Firimiya, abin da David Beckham kaɗai ya yi kafin shi. Da shi Tottenham ta kai wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a 2019, Liverpool ta doke su 2 da nema. A ƙasarsu kuwa har gobe ana tuna daren Nuwamban 2017 a birnin Dublin, da ya zura wa Ailan ƙwallo uku rigis, Danmak ta ci 5 da 1 ta samu tikitin gasar duniya ta Rasha. A Janairun 2020 ya koma Inter Milan, ya ci kofin lig na Italiya da ita a 2021. Ka ga ashe ya yi suna tun kafin ranar da kuke gardama a kanta.

Ranar ita ce 12 ga Yuni, 2021, a filin Parken da ke Kofanhegan, wasan Danmak da Finlan a gasar ƙasashen Turai. Saura 'yan mintoci a tafi hutun rabin lokaci, an yi jifa, Eriksen ya taho zai tarbi ƙwallo, sai ya kife da fuska ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Alƙalin wasa ya tsayar da wasa nan take ya yafito likitoci. Kyaftin Simon Kjær yana cikin waɗanda suka fara isa kansa. Sauran 'yan wasan suka kewaye shi suka juya masa baya, suka kare shi daga kyamara, wasunsu na hawaye. A cikin wannan da'irar likitoci suka yi ta danna masa ƙirji, suka ɗora masa na'urar da ke ba zuciya girgizar lantarki. Likitan ƙungiyar, Morten Boesen, ya bayyana daga baya cewa zuciyar ta tsaya, kuma girgiza ɗaya ce ta dawo da ita. An fitar da shi daga fili idonsa biyu.

To, ya mutu? A'a, ɗana. Wanda ya mutu ba ya dawowa; Eriksen kwanansa ne bai ƙare ba. Abin da ya same shi shi ne tsayawar zuciya farat ɗaya. Zuciya tana da lantarkinta na halitta da ke tsara bugunta. Wani lokaci wannan tsarin yakan rikice, sai zuciya ta koma karkarwa maimakon harba jini. Jini ya daina kaiwa ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi cikin daƙiƙoƙi. Wannan daban yake da toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, wadda ta fi kama manya kuma takan zo da ciwon ƙirji, ko da yake ita ma tana iya jawo tsayawar. Idan aka bar mutum haka, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. Idan kuwa aka yi ta danna ƙirji, jini zai ci gaba da ɗan zagayawa har na'ura ta iso. Wasu sun yaɗa cewa rigakafin korona ne ya kayar da shi, amma shugabannin Inter sun fito sun ce a lokacin ba a ma yi masa rigakafin ba.

Maganar batir kuma, abokinka ya kusa gaskiya, sai dai ya ɗan zarce. Bayan 'yan kwanaki a asibiti an dasa wa Eriksen wata ƙaramar na'ura da likitoci ke taƙaita sunanta da ICD. Za ta zauna a tafin hannu, ana sa ta a ƙarƙashin fatar ƙirji, kuma lalle tana da batir da ke yin shekaru kafin a sauya. Amma zuciyarsa da kanta take bugawa, kamar tawa da taka. Na'urar maigadi ce: tana zaune shiru tana sauraro, ranar da bugun ya sake rikicewa sai ta saki girgiza ta daidaita shi, ba sai an jira likita ya rugo ba. Ba shi kaɗai ke wasa da ita ba. Daley Blind, tsohon abokin wasansa a Ajax, an sa masa irinta a ƙarshen 2019 ya ci gaba da taka leda.

Italiya kuwa ba korar wulaƙanci ta yi masa ba. Dokar lafiyar 'yan wasa a can tana da tsauri, ba ta yarda mai ɗauke da wannan na'ura ya buga gasa ba, don haka a Disamban 2021 shi da Inter suka warware kwantiragi cikin lumana. Wannan tsaurin ya taɓa ceton ɗan Afirka: a 1996 gwajin da aka yi wa Nwankwo Kanu a Inter ɗin ne ya gano lahani a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana wasa. Ingila ita kuma takan sa ƙwararrun likitocin zuciya su auna ɗan wasa, su gaya masa haɗarin, a yanke shawara tare da shi. Ni dai ban ga laifin ko ɗaya ba. Kowace tana gudun ganin gawa a fili ne, hanya ce ta bambanta.

Ta wannan ƙofar ya shiga Brentford a ƙarshen Janairun 2022, ƙarƙashin koci Thomas Frank, ɗan ƙasarsu. Ranar 26 ga Fabrairu ya shigo wasa da Newcastle, kwana 259 bayan faɗuwarsa. Bayan wata guda ya koma rigar Danmak a birnin Amstadam, inda ya yi ƙuruciyarsa, ya shigo bayan hutun rabin lokaci, minti biyu ya ci Holan. Kwana uku bayan haka ya koma filin Parken ɗin da ya faɗi, da kambun kyaftin a hannu, ya ci Sabiya. Manchester United ta ɗauke shi a Yulin 2022, ya yi shekara uku, ya ci kofuna biyu da ita. Ya buga gasar duniya ta Ƙatar, ya ci Sulobeniya a gasar Turai ta 2024, kuma a wannan gasar ce ya zama wanda ya fi kowa buga wa Danmak wasa a tarihi. A 2025 ya koma Wolfsburg ta Jamus.

Yanzu ka ba ni dama in ƙara abin da ba ka tambaya ba, don shi ya fi damuna. Mu ma mun ga irin wannan faɗuwar, amma tamu ba ta zo da sauƙi ba. Samuel Okwaraji ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, a wasan Najeriya da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon na Faransa a 2003, shi ma haka. Dukansu 'yan wasan tsakiya ne masu jini a jika. Allah ne mai rayawa, amma Ya sanya sababi, kuma sababin Eriksen hannayen da suka kai ƙirjinsa da wuri ne. Kada kuma a dogara da gwaji kaɗai: likitan zuciyar da ya duba shi shekaru a Tottenham ya ce bai taɓa ganin wata matsala ba.

Daga Tasawa zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100, mintocin nan 4 zuwa 6 kuwa ba sa jiran mota. A filayenmu idan yaro ya faɗi, abin da aka saba shi ne a yi masa rumfa, wani ya kwara masa ruwa, wani ya yi fifita da riga, wani ya cusa masa yatsa ko cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe. Niyya ce mai kyau, amma mutum ba ya haɗiye harshensa, kuma lokaci ake ɓatawa. Wanda zafin rana ya sumar yana numfashi. Shi a kai shi inuwa, a kwantar da shi ta gefe, a sanyaya masa jiki. Wanda kuwa ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, an kira shi bai amsa ba, ba ya numfashi ko yana jan wani irin minshari jefi-jefi, to a ɗauka zuciya ce. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Mutum ɗaya ya durƙusa, ya ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, ya miƙe gwiwar hannu, ya danna da ƙarfi har ƙirjin ya nutse kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya ruga neman ma'aikacin lafiya da mota. In mai dannawa ya gaji wani ya karɓa, kada a tsaya.

Karatu a takarda ba ya isa a koyi wannan, sai an gwada da hannu. Don haka ina roƙonka, ɗana, kafin gasar babban hutu ta zagayo, ku tara kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyin unguwanninku da alƙalan wasa, ku je wurin ma'aikatan asibitin garinku ko masu agaji na Croix-Rouge, ku nemi su koya muku danna ƙirji. Yamma ɗaya ta isa. Duk yaron kuma da ke suma ko jin ciwon ƙirji in yana gudu, ko wanda wani ɗan'uwansa ya taɓa rasuwa farat ɗaya yana matashi, a kai shi a auna masa zuciya kafin ya sake ɗaura takalmi.