Zaton Doka a Kan Takardun Shaida: Darasi ga Masu Tafinta

Gabatarwa

Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma a kotu akwai zaton da doka da kanta ta ba alƙali damar yi. Da yake wasunmu za su iya samun kansu suna tafinta a kotunan Yola da Jimeta, na ga ya dace in yi bayaninsa kamar yadda ya zo a Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011.

Matakan Zato

Sashe na 145 ya kawo matakai uku:

1. Kotu tana iya ɗauka: alƙali yana da zaɓi, ya yarda ko ya nemi hujja.
2. Dole kotu ta ɗauka: abu ya zauna har sai an kawo hujjar da ta rushe shi.
3. Yankakkiyar hujja: ba a karɓar shaidar da za ta musanta shi.

Takardar da ta shekara 20, aka kuma ɗauko ta daga inda ya kamata ta kasance, tana mataki na ɗaya (sashe na 155). Kwafin takardar hukuma da jami'i ya tabbatar da sunansa da muƙaminsa da kwanan wata yana mataki na biyu (sashe na 104 da na 146).

Me Ya Sa Ake Barin Ƙofar Musu?

Saboda hatimi ba ya hana a tuhumi takarda. A watan Maris na 2017, Babbar Kotun Jiha da ke Yola ta ɗaure tsohon gwamna Bala Ngilari shekara 5, sannan ta ba da belinsa bisa wata wasiƙar rashin lafiya daga gidan yari. Sai shugaban gidajen yarin jihar ya fito ya ce bai san da wasiƙar ba. A watan Yuli na shekarar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin ɗaurin.

Haka kuma, yarda da ingancin takarda ba tabbatar da laifi ba ne. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

Kammalawa

Don haka, 'yan uwa ɗalibai, mu bambanta "an ɗauka" da "an tabbatar". Idan tafinta ya musanya su, wanda ake tuhuma zai yi shiru a inda yake da 'yancin musantawa, shirun kuwa yana iya kai shi kurkuku.