Gidan Tarihi na Badagiri

Badagiri wani tsohon gari ne a bakin teku, yamma da Ikko, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Mutanensa masunta ne da manoman kwakwa. Nan ne Baturen nan Kyaftin Kilafatan ya sauka a shekarar 1825, sa'an nan ya bi ta ƙasa har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

A cikin garin akwai wani tsohon gini wanda aka gina a shekarar 1863. Da ofishin Di'o ne, amma yanzu an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Yawancin abin da ke ciki labarin cinikin bayi ne, gama a zamanin da Badagiri babbar kasuwar bayi ce.

An raba gidan ɗaki ɗaki, kowane ɗaki da nasa labari. Wani ɗaki yana nuna yadda ake kama mutane a garuruwansu. Wani yana nuna yadda ake koro su zuwa bakin teku. Wani kuwa yana nuna yadda ake cusa su cikin jiragen ruwa, a kai su Amurka su yi bauta a gonakin rake da auduga. Akwai hotuna da takardu, akwai kuma sarƙoƙi da mari na ƙarfe waɗanda aka ɗaure mutane da su. Yaron da ya ga kaurin sarƙar nan ba ya bukatar a gaya masa wuyar da suka sha. Gani ya kori ji.

Daga garin akan shiga kwalekwale a haye zuwa tsibirin Geberefu. Daga can ne bayi ke shiga jirgi, ba su ƙara ganin gida.

Ingila ta hana cinikin bayi a shekarar 1807, amma bai mutu nan da nan ba. Sai a 1852 sarakunan Badagiri suka sa hannu a kan alkawarin barinsa.

Labarin nan ba mai daɗi ba ne, duk da haka mutanen garin ba su ɓoye shi ba. Sun adana shi domin 'ya'yansu da jikokinsu su sani, kada a sake sayar da ɗan Adam kamar dabba.

Tambayoyi
1. Ina Badagiri take?
2. Me ake gani a gidan tarihinta?
3. Don me aka adana sarƙoƙin nan?