Yadda Kwamfuta Ke Auna Igiyar Lantarki Mai Sauri

Wutar lantarkin da ke shiga gidajenmu a Sakkwato tana kaiwa da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan shi ake kira haz 50, don tunawa da Heinrich Hertz, masanin kimiyya na ƙasar Jamus. Kunnen mutum yana jin sauti daga haz 20 zuwa 20,000. Tashoshin FM kuwa suna aiki tsakanin haz miliyan 88 da miliyan 108. To, yaya za mu auna abin da ke gudu haka?

Kwamfuta lamba kawai ta sani. Saboda haka akan haɗa ta da wata na'ura wadda ke leƙa ƙarfin wutar, ta mai da shi lamba, ta sake leƙawa, ta sake rubutawa. Daga waɗannan lambobi ne kwamfuta ke zana siffar igiyar.

Mu ɗauki misalin Gulbin Rima. In mutum yana zuwa duba shi sau ɗaya tak a shekara, kullum a watan Afrilu, zai rantse gulbin ba ya cika. Bai yi ƙarya ba, amma bai ga watan Agusta ba. Haka na'ura take. Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949 sun nuna cewa dole yawan leƙawa ya wuce ninki biyu na saurin igiyar. Shi ya sa faifan CD ke ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa.

Ga inda hatsarin yake. In muka ba na'ura mai leƙawa sau 44,100 igiya mai haz 30,000, ba za ta ce ta kasa ba. Za ta nuna mana haz 14,100, wato 44,100 a ɗebe 30,000, mu kuwa mu rubuta amsar da ba gaskiya ba. Irin wannan ruɗin ne ke sa mu ga tayar mota tana juyawa baya a fim. Maganinsa shi ne a sa matata a gaban na'urar, ta tare duk igiyar da ta fi ƙarfinta.

Wannan ba zancen littafi kaɗai ba ne. Inbatar wutar sola takan kunna ta kashe sau dubbai a daƙiƙa, kuma mai gyaran da ya auna ta da na'ura mai nawa zai iya cire abin da lafiyarsa ƙalau. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai cibiyar binciken makamashi, inda aikin hasken rana ke buƙatar masu iya awo.

Saboda haka kafin kowane awo mu tambayi kanmu: mene ne saurin igiyar, kuma sau nawa na'urarmu ke leƙawa? Sannan kada ɗalibi ya kuskura ya haɗa wutar soket kai tsaye da kwamfuta. Bolt 230 ya isa ya ƙone na'ura, ya kuma kashe mai ita.